Ku Tambayi Tsohon Sufeto: Ƙaramar Bindiga ga Hannun da Ba Ya Iya Matse Tsumma

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri, kai da iyali. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, shekaruna 59, ina zaune a gefen garin Gusau, can inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Maigidana ya rasu shekara 3 da suka wuce. A gidan ga daga ni sai ɗiyata ta auta da jikoki biyu. Da damina aka shiga wani gida a layinmu cikin dare aka tafi da mutum biyu, sai da aka sayar da gona sannan aka fanso su. Tun ranar ba na runtsawa sai an yi sallar asuba.

Ɗana da ke aiki a Amurka ya turo mini bidiyon wata tsohuwar baturiya tana harba ƙaramar bindiga. Ya ce akwai waɗanda aka ƙera musamman don masu raunin hannu, in na gano wadda ta dace da ni zai turo kuɗin. Matsalata ita ce hannuwana. Amosanin gaɓɓai ya kama mini yatsu, da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin in iya jan carbi. Ba na iya matse tsumma, murfin kwalba ma sai jikata ta buɗe mini. Wani ya ce in nemi libarba don ba ta da wuyar sha'ani, wani ya ce fistol ƙarama wadda za ta shiga jaka. Kuma na ji an ce tun zamanin tsohon gwamnanmu Matawalle an ba talakawa izinin riƙe bindiga. Don Allah wacce zan zaɓa, kuma ina ake samun takardar?

Wata uwa, daga Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma ban ga laifinki ko kaɗan ba. Wanda bai taɓa kwana zaune yana kasa kunne ga ƙarar babur daga nesa ba, shi ne zai yi mamakin uwa mai shekara 59 tana tambayar bindiga. Na yi shekara 35 ina aikin ɗan sanda, 11 daga ciki a ɗakin ajiyar makamai, ina ba da bindiga da safe ina karɓa da yamma, ina ƙirga harsashi ɗaya bayan ɗaya. Da abin da na gani a can zan amsa miki, kuma ina roƙon ki tura wa ɗanki wannan shafi kafin ya turo ko sisi.

Bari in fara da takardar, don ita ce ƙofar da komai zai bi. Dokar makamai ta ƙasar nan tun 1959 take, kafin a ba mu 'yancin kai, kuma har gobe ita ke aiki. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashin farko su ne haramtattu: igwa, bama-bamai, gurneti, mashin-gan, bindigogin soja, sannan a cikin wannan jerin dai aka rubuta libarba da fistol kowace iri. Wato 'yar bindigar nan da za ta shiga jakarki, a idon doka ɗaki ɗaya take kwana da AK-47. DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yanki, ba ya ba da lasisinta, kwamishina ba ya bayarwa, ikon yana hannun Shugaban Ƙasa. A duk tsawon aikina ban taɓa riƙe takardar wani malamin makaranta ko ɗan kasuwa mai irin wannan lasisi ba. Wanda kuwa aka kama da ita ba lasisi, hukuncin da dokar ta tanada ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Kashi na biyu su ne bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu na Sufeto Janar ne. Na uku bindigar toka ta maharba wadda ake ɗurawa ta baki, wannan kwamishinan 'yan sandan jiha ke da iko da ita.

Maganar da kika ji ta zamanin Matawalle tana da tushe, amma rabinta aka kawo miki. A ƙarshen watan Yuni na 2022 gwamnatin jiha ta fitar da sanarwa cewa mutane su nemi bindiga su kare kansu, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Ba a kwana biyu ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Kuma haka tsarin mulki ya shimfiɗa: sha'anin makamai da harsasai na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai. Sanarwar gwamna ba ta goge layi ko ɗaya daga dokar 1959 ba. Bayan haka ma, a watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Ko da a ce an ci gaba da bayarwa, fistol da libarba ba sa cikin abin da ake bayarwa a hedikwatar 'yan sanda.

Saboda haka duk wanda ya ce miki "Hajiya kawo kuɗi, ni zan samo miki," ɗayan biyu zai kawo. Ko ta sata da fasa-ƙwauri, wadda ba ki san jinin wa ke kanta ba, ko ƙirar maƙeran ɓoye. Irin waɗannan na biyun sun sha zuwa teburina a matsayin kayan shaida. Bakinsu guntun bututu ne, walda ce ta riƙe shi, wani sifirin ɗin daga tsohuwar katifa aka ciro. Na ga wadda ta tsage kamar an ɓare rake, mai ita ya bar yatsu uku a wurin, kuma daga asibiti kotu ya wuce.

Na san hadisin da ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa ya yi shahada. Na kuma san sashe na 33 na tsarin mulki ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa da ƙarfin da ya dace. Haƙƙin kare kai gaskiya ne, ba mai ƙwace miki shi. Amma haƙƙin kare kai daban, izinin mallakar fistol daban. Alƙali na iya wanke mutum daga laifin harbin ɓarawo, ya juyo ya ɗaure shi a kan bindigar da ya yi harbin da ita.

To yanzu mu ajiye doka gefe, mu ɗauka kina can wurin ɗanki inda ake shiga shago a saya. Ina so ki gane abin da bindigar ke nema daga hannu, don bidiyo ba ya nuna wannan.

Libarba ita ce mai gangar nan da ke juyawa, mai cin harsashi 5 ko 6. Wanda ya ce miki ba ta da wuyar sha'ani bai yi ƙarya ba: ba abin ja baya, kuma ba ta cika cijewa ba. Sai dai duk aikinta a kan yatsa ɗaya ta ɗora shi. Jan kunama shi ne ke juya gangar, ya ɗaga gudumar, ya sake ta. Nauyin wannan jan yakan kai kilo 4 da rabi zuwa 5 da rabi. Ga gwajin da za ki yi yau a tsakar gida ba tare da kin taɓa bindiga ba. Ki cika galan mai lita 5 da ruwa, ki saƙala gaɓar farko ta manuniyarki a mariƙinsa, ki ɗaga shi daga ƙasa da lanƙwasa yatsan kaɗai, ban da taimakon kafaɗa. Ki yi sau shida a jere, hannun kuma kada ya karkace. Wannan shi ne harbin libarba. Wani zai ce ai ana iya ɗana gudumar da babban yatsa, kunamar ta yi laushi. Haka ne, amma babban yatsa shi ne wanda amosani ya fi ci, kuma ɗananniyar libarba a hannun da ke rawa numfashi kaɗan take jira. In kuma ya zamana motsin da kika ji jikanki ne ya fito fitsari, sauke gudumar nan ba tare da ta tashi ba aiki ne na yatsa mai lafiya.

Fistol kuma nata wahalar a wani wurin take. Kunamar irin su Glock ba ta wuce kilo 2 da rabi ba, rabin ta libarba ke nan. Amma kafin harsashin farko ya hau, sai an kama murfin saman an ja shi baya har ƙarshe an sake. Sifirin da ke riƙe da shi a yawancin masu harsashin milimita 9 yana da ƙarfin kilo 7 zuwa 8, kuma abin kamawar ɗan gefen ƙarfe ne mai santsi. Hannun da ya kasa murfin kwalba ba zai ja wannan ba. Kafin nan ma akwai cika gidan harsashi, inda ake danna kowane ɗaya da babban yatsa a kan wani sifirin, na ƙarshe-ƙarshen har samari suna cije leɓe.

Akwai kuma wani abu da ba a sani sai a filin koyon harbi. Fistol da ƙarfin harbinta take ɗora wa kanta harsashi na gaba, kuma ba ta iya yin haka sai wuyan hannu ya tsaya mata kamar bango. Ina tuna wani babban jami'i da ciwon suga ya ci wa hannu, ana saura watanni ya yi ritaya. Ya zo gwajin harbi, ya ɗaga, ya harba na farko lafiya. Na biyu ya ja kunama, shiru. Da na leƙa sai ga kwanson harsashin farko a tsaye, murfin ya datse shi, kamar mutum ya ɗosana sigari a baki. Bindigar ba ta da laifin komai, ni na goge ta da safiyar nan. Wuyan hannunsa ne ya bi ta baya, ƙarfin da zai tura murfin ya tafi cikin gwiwar hannu. Na cire kwanson, ya sake, ta sake cijewa. Ya dube ni, ya miƙo mini ita ta gindi, ya ce, "Sufeto, mayar da ita ɗaki." Mutumin nan ya fi shekara 30 yana riƙe bindiga, kuma da rana tsaka ne, ba mai dukan ƙofarsa. Gyaran irin wannan cijewa kuwa shi ne a sake jan murfin nan da ƙarfi, abin da tun farko hannun ya kasa.

Sai maganar ƙarama mai shiga jaka, wadda ita ce kuskuren da kusan kowa ke yi. Ki tuna turmi, Hajiya. Babban turmi mai nauyi yakan shanye dukan taɓarya ya zauna daram, ƙarami kuwa tsalle yake yi kowane bugu. Haka bindiga take. Harsashi iri ɗaya, in aka harba shi a mai nauyi, ƙarfen ne ke shanye dukan. In aka harba shi a ƙarama marar nauyi, tafin hannu da gaɓɓan yatsu ne ke sha. Ga mariƙinta gajere, yatsa biyu kawai ke samun wuri, ga sifirinta ya fi tauri. Ƙaramar bindiga ta fi sauƙin ɓoyewa, amma ta fi wuyar harbi.

Ɗanki bai yi ƙarya ba da ya ce an ƙera wasu don masu raunin hannu. A 2018 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fitar da wata mai suna Shield EZ, mai harsashin .380, aka sassauta sifirinta, aka yi wa gidan harsashinta 'yan kunnuwa da ake ja ƙasa don a cika shi ba wahala. Kamfanin Beretta na Italiya kuma ya daɗe yana ƙera wasu ƙanana, irin su Tomcat, waɗanda bakinsu ke ɗagawa sama a sa harsashin farko da hannu, ba sai an ja murfi ba. Akwai masu amfani da ƙaramin harsashi na .22 wanda dukansa kaɗan ne. Kowace da inda take gazawa. Ta farkon tana da makulli a bayan mariƙi wanda sai tafin hannu ya matse shi sosai sannan ta tashi, riƙon da ba ƙarfi yakan bar ta a kulle. Ta biyun ƙarama ce, ta koma maganar turmi. Harsashin .22 kuwa ya fi sauran yawan ƙin tashi. Shi ya sa a can ma masu koyar da harbi ba sa zaɓa wa mutum daga nesa. Sai ya je da hannunsa ya ja murfin, ya cika gidan harsashi, ya harba, ya gyara cijewa, duk shi kaɗai, kafin a ce ta dace da shi.

Tsohuwar da kika gani a bidiyo tana da filin harbi a garinsu, tana da mai koya mata, tana sayen harsashi a shago ta harba ɗaruruwa har hannunta ya haddace aikin. Ke a ina za ki gwada ko guda ɗaya a Gusau ba a ji ba? Ke nan harbinki na farko a duniya zai kasance cikin duhu, ƙarfe biyun dare, jikoki na kuka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma tsoro yana da abin da yake yi wa yatsu, na gani a jikin ƙarti majiya ƙarfi: yatsun sukan zama kamar na aro, mutum ya kasa sa makulli a kwaɗo.

Ga kuma jikokin. Bindigar da za ta yi amfani cikin dare dole ta kwana kusa, da harsashi a ciki. Bindigar da yaro ba zai kai gare ta ba dole ta kwana a kulle, harsashi a wani wurin. Gidan da ke da yara ƙanana ba ya samun biyun a lokaci ɗaya, kuma babu maɓoyar da yaro ɗan shekara bakwai bai sani ba a ɗakin kakarsa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a raina shi ne su wa za ki fuskanta. Bindigogin da ɗanki ke gani an tsara su ne don ɓarawo ɗaya da ya fasa taga. Namu ba haka suke zuwa ba. Kin sani, na sani: babura ne, kowane da goyon mutum biyu ko uku, kowa da AK mai cin harsashi 30, wadda harsashinta ke huda ƙofar langa-langa ya wuce. Harbi ɗaya daga ɗakinki ba zai kore su ba, zai dai nuna musu inda za su buɗe wa wuta, kuma yaran suna bayanki. Na taɓa zuwa wani gida da sassafe bayan an shiga cikin dare. Maigidan yana da fistol a ƙarƙashin katifa, ya saye ta da kuɗi masu yawa, bai ko kai hannu gare ta ba. Matarsa tana zaune a bakin ƙofa da zani ɗaya, ta ce mana maganar farko da suka yi bayan sun ɓalle ƙofar ita ce, "Ina bindigar?" Sun san da ita, sun san ɗakin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan zamani na infoma, wanda ya sayar miki ya riga ya san abu biyu: akwai bindiga a gidan, akwai kuma ɗa a Amurka mai turo kuɗi.

Don haka amsata ita ce kada ki zaɓi ko ɗaya. Amma ba zan bar ki hannu sake ba, don kuɗin nan suna da aikin da za su yi. Abin da za ki saya da su shi ne mintuna da hayaniya. Masu garkuwa a gefen gari sauri suke yi, suna so su shiga su fita kafin unguwa ta farka. Duk minti ɗaya da ƙofa ta ci musu, naki ne.

Ki kira mai walda ya duba ƙofar gida da ta ɗakin da kuke kwana. Yawancin ƙofofinmu ƙarfen yana da kyau, amma firam ɗin a cikin bulo mai rami aka dasa shi, duka uku ya fita gaba ɗaya. A zuba masa kankare da rodi. A sa sakata biyu daga ciki, sama da ƙasa, kuma ki ce ya yi musu dogon mariƙi wanda za ki tura da tafin hannu ko gwiwar hannu, ba ɗan ƙaramin kan da sai an tsunkula ba. Ki gwada da hannunki kafin ki biya shi, kuma da safe za ki gwada, lokacin da yatsun suka fi ƙagewa. Kwaɗo mai ƙaramin makulli ki bar shi, ba naki ba ne. Ku riƙa kwana ɗaki ɗaya ku huɗu. Fitilar sola a kafa ta tana haska waje, kada ta haska tsakar gida. In akwai maƙwabcin da kuka yarda da juna, a huda 'yar ƙofa a katangar da ke tsakaninku, irin wadda iyayenmu ke yi don mata su riƙa zirga-zirga. Na san gidaje da wannan 'yar ƙofa ta fitar da yara.

Hayaniya kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ki sa a tara mutanen layin a ƙofar mai unguwa a yi magana ɗaya: wace alama za a yi, wa zai kira wa, ina mata da yara za su nufa. Ki sa lambar DPO na yankinku da ta shugaban Askarawan da ke kusa da ku a wayarki yadda dannawa ɗaya za ta kira. Askarawan nan, jami'an tsaron al'umma na jiha, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da su a ƙarshen Janairun 2024, mutum sama da 2,600, kuma 'yan gari ne da suka san lunguna. Akwai kuma lambar gaggawa ta 112 da ake kira kyauta. Amma kada ku dogara da waya kaɗai. Ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan muka koma aike da baki. Usur a wuyan kowa, tsohon wilin mota a rataye da guntun ƙarfe kusa da shi, jiniya mai batir wadda maɓallinta ke gefen gadonki, lasifikar masallaci. Waɗannan ba sa neman lasisi, kuma hannunki zai iya su duka.

Sannan ki ja bakinki, ki ja na ɗiyarki. Kuɗin da ke zuwa daga waje kada a riƙa cire su wurin mai POS ɗaya a unguwa, kada a yi zancensu gaban mai aiki ko mai kawo ruwa. In kuma wata rana aka kira ki a waya aka yi barazana, ko kika ga baƙin fuska suna yawan tambayar gidan, kada ki tsaya jarumtaka. Ki sanar da 'yan sanda, ki kwashi yaran ku koma cikin gari wurin dangi. In da hali ma, ni da za ki bi tawa, kuɗin da ɗanki ya ware su tafi hayar ɗaki biyu a tsakiyar gari ko da na watannin da hatsi ya yi tsawo ne, lokacin da gona ke zuwa har bakin katanga tana ɓoye mai tahowa. Na san barin gidan da maigida ya gina ba abu ne mai sauƙi ba. Gidan zai jira ki.

Hannun nan kuma kada ki sallama shi. Ƙagewar safe da ke daɗewa, a hannu biyu lokaci ɗaya, tana iya zama irin amosanin da garkuwar jiki ke cin gaɓɓai, kuma wannan yana da magungunan da ke rage masa gudu in an fara da wuri, kafin yatsu su karkace. Gwajin jini da hoto ne ke bambanta shi da na tsufa. Ki je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ki nemi a duba ki, a kuma haɗa ki da sashen gashin ƙashi su koya miki motsa yatsun. Ki guji haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a ce na ciwon jiki ne. Sukan kwantar da ciwon yau, amma shan su kullum yana cin ciki da ƙoda, wasu kuma suna tayar da suga da hawan jini. Uwargidana da ruwan ɗumi take fara safiyarta kamar ke, kuma tun da aka ɗora ta a kan magani na ƙa'ida ta koma ɗaura wa kanta ɗankwali. Ki rubuto mini bayan kin ga likita, ina so in ji.

TAMBAYA

Baba barka da aiki. Mahaifinmu maharbi ne, ya rasu watan jiya, ya bar bindiga mai baki biyu da lasisinta. Ni ne babba. Hannuna na dama bai koma daidai ba tun da na yi haɗarin babur, ba na iya damƙe abu sosai. Zan iya riƙe ta don tsaron gida da gona, tunda takardarta na nan?

Wani manomi, daga Yawuri

AMSA

Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya ba ku haƙuri. Ɗana, bindigar tana cikin gado, amma lasisin ba ya ciki. Sunan mutum ɗaya ke kansa, kuma ya tafi tare da shi. Doka ta ba magada kwana 14 kacal bayan rasuwa su riƙe ta, ku kuwa kun riga kun wuce, don haka kada ka ƙara mako. In kana son ta zama taka, sabon nema za ka yi da sunanka ta hedikwatar 'yan sanda a Birnin Kebbi, su gaya maka matsayin ba da lasisi a yanzu. Dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Ko an ba ka, ka yi wa hannunka adalci. Mai baki biyu doguwa ce, nauyinta ya kai kilo 3 ko fiye, hannu ɗaya ke tallafe ta, ɗayan ya damƙe wuyanta ya danna ta a kafaɗa. In damƙar ba ta yi ƙarfi ba, dukanta yakan tsalle daga kafaɗa ya sami muƙamuƙi, ta ma iya suɓucewa alhali bakin na biyu yana ɗane. Mahaifinku ya yi shekaru yana koyon wannan a daji da hannu biyu masu lafiya.

Yanzu ga abin yi. Ka ɗauka akwai harsashi a ciki har sai an tabbatar babu. Kada ka leƙa bakinta, kada ka nuna ta ga kowa ko da wasa, kada ka bar ƙannenka su ɗauka. Ka kira ɗaya daga abokan farautarsa ya karya ta, wato ya buɗe ta a gaɓarta, ya zare abin da ke ciki, bakin yana kallon ƙasa. Kada ka saɓa ta a babur ka nufi caji ofis kai tsaye, don a shingen hanya ba wanda zai tsaya jin labarin gado. Ka fara zuwa hannu sake, kai da mai unguwa ko dagaci, da lasisin da shaidar rasuwa, ka gaya wa DPO, shi zai faɗi yadda za a kawo ta ko ya haɗa ka da jami'i. Ranar kaiwa a karye za ta tafi, a naɗe cikin buhu, harsasan a wata jaka daban. Kafin ka bar wurin ka karɓi takardar shaidar ajiya, ka duba da idonka cewa lambar da ke jikin ƙarfen ita aka rubuta, da adadin harsasan, da sa hannu da hatimi. Ka yi hotonta biyu, ɗaya wurinka, ɗaya wurin wanda zai raba muku gado.